Da Bakinmu Muka Buɗe Masa Ƙofa

 Mu biyu ne mu ke rubuto muku wannan daga Mahuta, maigida da uwargida, gama abin da za mu ba ku labari mu biyu muka yi shi, ko da ya ke kowa da ranar da ya yi nasa rabin. Mun daɗe muna rufe bakinmu a kansa saboda kunya. Yanzu mun ga rufe bakin nan ba mu ya ke taimaka wa ba, ɓarawon ya ke taimaka wa.

Mu ba baƙi ba ne wajen riƙon kuɗi. Maigida ya koyar a makarantar firamare fiye da shekara 30 kafin ya yi ritaya, lissafi ma ya fi koyarwa. Uwargida kuwa ita ce uwar adashin mata 12 na unguwarmu, ba a taɓa jin kobo ya ɓata a hannunta ba. Muna noman masara da dawa da waken soya kamar sauran jama'ar wannan yanki na Funtua da Malumfashi. Da wani ya ce mana za a cuce mu ta waya, da dariya za mu yi masa.

Mun kuwa san 'yan damfara tun muna yara. A zamanin da auduga ta ke sarautar gonakin nan, da an buɗe kasuwar auduga sai ka ga baƙin fuskoki sun bayyana a bakin tasha. Ga 'yan wala-wala da kartarsu guda uku. Ga mai ninka kuɗi, wanda zai karɓi fam ɗinka ya ƙulle cikin ƙyalle, ya ce kada ka kwance sai ka isa gida, in ka isa ka tarar da yankakkun takardu. Iyayenmu maganinsu ɗaya ne: su zuba kuɗin a lalita, su ɗaure a ƙugu, su wuce ba tare da tsayawa kallo ba. Amma ɗan damfarar wancan zamani sai ya hau mota ya zo, kana ganin ƙwayar idonsa, in an kama shi kuma jikinsa ya gaya masa. Na yanzu yana zaune a ɗakinsa can wani gari. Bakin tashar kuwa ya dawo cikin aljihunmu.

Ga yadda ya shigo. Wayar hannu ta zo Nijeriya a 2001, mu kuwa muka daɗe da ƙaramar waya mai tocila, ta gaisuwa da tambayar farashin hatsi. Sa'ad da aka fito da lambar BVN a 2014, maigida ya je banki ya dangwala yatsa saboda albashi, ya rubuta lambobin nan 11 a bayan wani littafi, ya manta da su. A Satumba na 2021 ma, da aka rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda 'yan bindiga, har da Funtua da Malumfashi da Bakori, an yi watanni ana hawa tudu neman sabis, ba mu ji mun rasa wani babban abu ba. Abin da ya juya mu shi ne canjin kuɗi. A ƙarshen 2022 aka sake fasalin takardun naira 200 da 500 da 1000, farkon 2023 kuwa kuɗi ya ɓace daga hannun mutane. Kun tuna layin da aka yi ta yi a ƙofar bankuna tun da asuba. Mai sayen hatsi ya ce ba shi da tsaba, sai dai ya tura. Dole muka koyi turawa da karɓa. Ɗanmu na fari, wanda ya ke aiki a Kaduna, ya kawo mana babbar waya, ya sa mana WhatsApp da Facebook da manhajar banki, ya koma bakin aikinsa.

To, a nan ne ya kamata mu faɗi gaskiya, gama ba ranar da aka kwashe kuɗin satar ta fara ba. Wayar ta shiga jikinmu. Maigida, wanda da can ya kan kwanta da an gama labarun rediyo, sai ya kai tsakar dare yana shafa fuskar waya, daga wannan bidiyo zuwa wancan. Duk zauren da aka jefa shi a WhatsApp ya kan zauna: na tsofaffin malamai, na manoma, na siyasa, da waɗansu da bai san ko mutum ɗaya a ciki ba. Da muka ƙirga daga baya sun kai 17. Uwargida kuwa, duk saƙon da ya ce a tura wa mutum goma sai ta tura, wai kada alheri ya wuce wani saboda ita. Lambar sirrinmu shekarar aurenmu ce, wadda rabin gari ya sani. A wurin mai POS mu kan miƙa kati mu faɗi lambar da ƙarfi domin yaron ya danna mana, mutane na tsaye suna ji. Ƙofar gida kuwa sakata biyu mu ke sa mata kowane dare.

Ran 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafin man fetur ya tafi. Kuɗin mota ya yi tsalle, komi ya bi shi, aka yi ta maganar gwamnati za ta raba wa talakawa abin rage zafi. Cikin wannan hali, wani dare a watan Yuli, saƙo ya shigo zauren mata, da tambarin Nijeriya a kansa, dawakai biyu da mikiya. Wai tallafin naira dubu 50 ga kowane gidan manomi, za a rufe rajista ƙarfe 12 na daren nan. Wadda ta turo shi mace ce mai gaskiya, ita ma turo mata aka yi. Maigida kuwa ya kwana Malumfashi wajen zaman makoki. Uwargida ta danna shuɗin rubutun, fom ya buɗe. Suna, ranar haihuwa, lambar waya, sunan banki, lambar asusu, BVN. Tun da ya ke asusun da sunan maigida ya ke, ta ɗauko littafin nan ta kwafe duka. Zuciyarta ta ce mata ta bari sai ya dawo, amma ta dubi agogo ta ga saura minti 40. A ƙarshe fom ɗin ya ce sai ta tura wa zauruka biyar kafin kuɗin ya shigo. Ta tura. Ba abin da ya shigo. Da maigida ya dawo ta gaya masa, ya ce, "Ai ƙaryarsu ce irin ta kullum," muka yi dariya, muka manta. Bai zo mana a rai ba cewa wanda ya sha wahalar shirya fom ɗin nan ba don wasa ya yi ba.

Wata 10 suka wuce. A ƙarshen Mayu 2024 muka sayar da masarar da muka ajiye tun kaka, muka bar kuɗin a banki domin taki, naira dubu 400. Akwai kuma dubu 120 na adashi, wanda uwargida ta zuba a asusun don ta ga ya fi ajiyar ɗaki. An yi ruwan shuka da dare. Maigida ya fita gona tun da duhu, ya dawo rana tsaka a gajiye, bai ko sha ruwa ba waya ta yi ƙara.

Muryar saurayi ce mai ladabi, Hausarsa kamar ta ɗan maƙwabci. Ya yi gaisuwa, ya tambayi iyali, ya tambayi ruwa. Ya kira cikakken sunan maigida, ya ce daga babban ofishin banki ya ke. Ya faɗi ranar haihuwarsa daidai, ya faɗi lambobin ƙarshe na BVN ɗinsa daidai.

"Baba, ku kwantar da hankalinku," in ji shi, "amma yanzu haka wani yana ƙoƙarin cire kuɗi daga asusunku daga Legas. Ku kuka aike shi?"

Gaban maigida ya faɗi. Ya ce shi bai aiki kowa ba.

"To kada ku kashe wayar, Baba. In kun kashe ba abin da zan iya yi. Minti biyar mu ke da su. Ku ɗauko katinku ku karanto mini lambobin gaba da na baya. Yauwa. Yanzu za ku ga lamba shida ta shigo, ku karanto mini in toshe masa hanya."

Lambar ta shigo. A jikin saƙon kuwa an rubuta da Turanci ƙarara cewa kada a faɗa wa kowa. Maigida ya koyar da Turanci, idonsa ya ga rubutun, ya kuma gane shi. Amma muryar nan tana cewa, "Baba, saura minti biyu." Uwargida tana bakin murhu ta ɗaga murya ta ce, "Maigida, da wa ka ke magana haka?" Ya ɗaga mata hannu wai ta yi shiru. Ya karanto. Saurayin ya ce ba ta shiga ba, wata za ta zo. Ya karanto ta biyu, ya karanto ta uku. Saurayin ya ce, "Mun gode, Baba, Allah ya ƙara girma," ya kashe. Sa'an nan muka duba alat. Dubu 200. Dubu 200. Dubu 115. Aka bar mana naira dubu 5 da 'yan canji.

Washegari muka hau mota zuwa Funtua. Ma'aikaciyar bankin da ta saurare mu ta yi mana kirki ƙwarai. Ta rufe katin, ta ba mu takardu muka cika, ta ce irin wannan kuɗi a kan raba shi asusu-asusu nan da nan, a cire a wurare dabam dabam. Muka kai rahoto wurin 'yan sanda kuma. Doka tana nan, ta laifuffukan intanet da aka kafa a 2015 aka yi mata gyara a 2024, muna kuma jin hukumar EFCC tana gurfanar da waɗansu. Namu dai har yau bai dawo ba. Kafin mu fita ma'aikaciyar ta ce a hankali, "Baba, banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar kati, ko lambar sirri, ko lambar da a ke turowa." Muka ce mun gode. Abin baƙin ciki shi ne mun sani. An sha faɗa a rediyo, yana kuma rubuce a bangon bankin. Ba sani muka rasa ba.

A mota ba wanda ya ce uffan. Da muka shiga gida ne aka buɗe.

"Ke kika ba su sunana da komi nawa."

"Ni na ba su suna, Maigida, kai ka ba su mabuɗi. Na kuwa yi maka magana ka ɗaga mini hannu."

Kowa cikinmu gaskiya ya faɗa, shi ya sa abin ya yi zafi. Mako biyu ana ajiye tuwo ana ɗauke kwano, ba maganar da ta wuce gaisuwa. Ga shi kuma ɗaukar adashi ta zo kan wata baiwar Allah da ta ke shirin aurar da 'yarta. Muka kai awaki uku kasuwa, muka biya ta cif, ba ta san komi ba. Ɗanmu ya aiko da abin da ya iya, muka sayi taki buhu 3, inda muka yi niyyar 9 ko 10. Masara ta yi ɗorawa tun tana iya gwiwa. Duk wanda ya wuce ya tambaya, mu ce masa ƙasar ce ta gaji. Da kaka ba mu sami rabin abin da muka saba ba.

A watan Agusta 'yarmu ta zo gida, wadda ta karanta ilimin zaman jama'a a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ta ga gonar, ta ƙi yarda da zancen gajiyar ƙasa, sai muka kwashe duka muka gaya mata. Ba ta yi mana faɗa ba. Ta ce masana sun daɗe suna binciken wannan abu. A 1990 waɗansu malamai biyu na Amurka, Michael Gottfredson da Travis Hirschi, sun rubuta littafi suna cewa tushen yawancin laifi ƙarancin kamun kai ne, watau son abu yanzu-yanzu, da son hanya mai sauƙi, da son kasada, da rashin hangen gobe. Daga baya waɗansu suka lura halin nan ba mai yin laifi kaɗai ya ke ja ba, ya kan ja mutum zuwa inda za a yi masa laifi. Ta ba mu labarin wani bincike da aka buga a 2008, wanda aka yi a jihar Florida da tambayar mutum fiye da 900. Abin da aka gano kashi biyu ne. Yawan saye daga nesa, ta waya ko intanet da makamantansu, shi ya ke ƙara sa ɗan damfara ya same ka. Amma wajen neman wanda zai taɓa, ba ya bambanta mai kamun kai da marar shi. Sai bayan ya taɓa ka ne kamun kai ya ke nuna aikinsa: wanda nasa ya yi ƙaranci, shi ya fi faɗawa.

Maigida ya ji haushi. Ya ce, "Watau ni ne marar kamun kai? Ni da ban taɓa kai giya bakina ba, ban taɓa caca ba, na yi shekara 30 ina jiran albashi da haƙuri?"

Ta ce, "Baba, ban ce halinku ke nan ba. Minti biyar ɗin nan na ce ku tuna."

Mun daɗe muna juya maganar nan. Tun muna yara mu ke jin zancen kamun kai a wa'azi, mun kuwa ɗauka zancen tulun giya ne da fushi da sha'awa. Ba mu taɓa kai shi kan ɗan yatsa da fuskar waya ba. Mun kuma ɗauka abu ne kamar tsawo, in kana da shi kana da shi har ka mutu. Abin da muka gani a kanmu dabam ne. Ya fi kama da ruwan randa: da safe a cike, da yamma sai ka sunkuya kafin moɗa ta taɓa. Gajiya tana rage shi, yunwa tana rage shi, tsadar taki tana rage shi, dare ma haka. Uwargida an same ta da dare ita kaɗai, kuɗin cefane ya ƙare. Maigida an same shi da ƙishirwa, dukan begensa na shekara yana cikin asusu ɗaya. Ita an shigo mata ta ƙofar kwaɗayi, shi ta ƙofar tsoro, amma abu guda aka yi mana: aka ɗora mana agogo. Saura minti 40. Saura minti biyu. Ɗan damfara ya sani sarai, in ya bar ka ka sha ruwa ka tambayi matarka, ya yi asarar katin kiransa.

Duk da haka muna da ɗan ja da yadda a ke faɗin abin. In an ce rashin kamun kai, mai sauraro ya kan ji kamar wanda aka cuta shi ne mai laifi. A'a. Ɓarawo shi ne ɓarawo. Gaskiya ne sai bango ya tsage ƙadangare ya ke samun wurin shiga, amma tsagewar bango ba ta mai da ƙadangare mai gida ba. Ku tuna kuma, mai cikakken rumbu ya fi samun sauƙin kau da kai daga naira dubu 50, ba kamar wadda ba ta san abin da za ta ɗora gobe ba. Abin da muka karɓa daga maganar 'yarmu shi ne rabonmu na laifin: mun mai da bakin tasha wurin hirarmu, dare da rana, muna baje sunanmu ga duk mai wucewa.

Kafin ta koma muka kafa doka a gida. Tun da mun ga ba za mu iya dogara ga randar kullum ba, sai muka ce ba kuɗin da zai fita ta waya zuwa sabon hannu sai maganar ta kwana, sai mu biyu mun yarda, sai kuma wani na uku ya ji. Duk wanda ya kira ya ce daga banki ya ke, a kashe, a je banki da ƙafa. Muka sake lambar sirri. Maigida ya fita daga zauruka 13, ya bar huɗu waɗanda ya san fuskar masu su. Wayar ta koma kwana kan tebur a zaure maimakon gefen matashi. Wannan na ƙarshe shi ya fi wuya, ba za mu ɓoye muku ba, makon fari maigida ya yi ta tashi wai zai duba awaki.

Ashe akwai ƙofa ta uku, wadda ba mu san da ita ba: son a mai da abin da aka rasa. Wanda aka cuta yana yawo da rami a zuciya, yana neman abin da zai cike shi da sauri. Da yawa cikinku kun tuna MMM na 2016, shirin wani ɗan Rasha mai suna Sergei Mavrodi, wanda ya yi alkawarin ribar kashi 30 cikin 100 a wata. A Disamba na shekarar, gab da Kirsimeti, aka kulle kuɗin mutane. Hukumar NDIC ta ce mutum wajen miliyan 3 sun yi asarar naira biliyan 18. Lokacin mun girgiza kai mun ce kwaɗayi mabuɗin wahala. Dabarar kuwa tsohuwa ce, wani Charles Ponzi ya yi ta a birnin Boston tun 1920: a biya na gaba da kuɗin na baya, har ranar da na baya suka ƙare. Uwar adashi ta fi kowa sanin wannan. Adashi abin da aka zuba shi a ke ɗauka, ba ya haihuwa.

Da dukan wannan sani, farkon 2025 ɗan ƙanwar maigida ya zo mana da wayarsa. Ya nuna mana lambobi suna hawa da dala, wai na'ura ce ta ke ciniki dare da rana, kuɗi yana ninkawa cikin wata guda. Ya riga ya cire riba sau ɗaya, ga sabon takalmi a ƙafarsa.

"Kawu," in ji shi, "in kun sa dubu 250, kafin ruwan fari kun mai da duk abin da aka ɗauke muku."

Daren nan ba mu yi barci ba. Mu da aka cuta ko shekara ba a yi ba, mu da muka sha bayanin masana, muka kwana muna lissafin abin da san huɗarmu zai yi a kasuwa. Ba wayo ne ya tsare mu ba. Dokar nan ce, da kunyar karya ta a gaban juna. Da safe muka kira 'yarmu, ta yi tambaya ɗaya tak: "Mama, me su ke sayarwa?" Muka dubi juna. San yana nan har yau.

A watan Afrilu na 2025 rediyo ya cika da labarin rushewar CBEX, wanda shi ma ya yi alkawarin ninka kuɗi cikin kwana 30, har jama'a suka far wa ofishinsa a Ibadan. Ana gab da wannan, a watan Maris, aka sa hannu a sabuwar dokar zuba jari, wadda ta tanadi ɗaurin shekara 10 ko tara mai nauyi ga masu irin wannan shiri. Wanda yaronmu ya shiga shi ma ya rufe cikin kwanakin. Sai a lokacin muka ji cewa ba kuɗinsa kaɗai ya zuba ba. Ya ci bashi daga manhajojin nan da su ke ba da rance cikin minti biyar, bayan ka danna ka yardar musu su ga lambobin duk mutanen da ke cikin wayarka. Da ya kasa biya, sai saƙo ya fara shigo wa dangi da abokai da dattawan unguwa, da hotonsa, wai ga ɓarawo ana nema. Mu ma ya shigo mana. Yaron ya bar gari wata huɗu, mahaifiyarsa ta rame. Da ya dawo ya zo ya durƙusa a zaure yana jiran faɗa. Maigida ya ce masa, "Tashi ka zauna a kujera. Bari in ba ka labarin wani malamin lissafi."

Bayan wannan ne uwargida ta yi ƙarfin hali. Ranar zubi, da matan suka taru, ta gaya musu inda awakinta uku suka tafi, ta ce duk wadda ta ga ba ta amince da ita kuma ba, ta faɗa. Aka yi tsit. Can sai wata ta ce ita ma an kira ta wai ɗanta ya yi haɗari a hanyar Zariya, ta tura kuɗin magani kafin ta nemi ɗan, ashe yana kwance lafiya a ɗakinsa. Wata ta ce an saya mata buhun waken soya aka nuna mata alat na ƙarya. Wata ta ce har yau mijinta bai sani ba. Cikin mata 12, biyar suna da labari, kowace kuwa ta ɗauka ita kaɗai ce wawiyar gari. Waɗanda suka cika fom ɗin tallafin nan kuwa sun fi haka, waɗansu daga hannun uwargida ya zo musu. Ta roƙi gafara, aka yafe, aka bar mata adashin.

Kwanan baya, muna zaune muna gyaran irin masara, waya ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Maigida ya buɗe murya domin mu biyu mu ji. Wata yarinya ce mai zaƙin baki, ta kira cikakken sunansa, ta ce sunansa ya fito cikin masu samun takin gwamnati a rabin kuɗi, amma yau a ke rufewa, sai ya tura kuɗin rajista kafin ƙarfe huɗu. Ba za mu ce zuciyarmu ba ta motsa ba, gama kun san abin da buhu ya ke yi yanzu. Uwargida ta matso kusa da wayar ta ce, "'Yar nan, mun gode. A gidan nan magana sai ta kwana. Ki kira gobe war haka."

Yarinyar ta ce gobe an rufe. Uwargida ta ce to, Allah ya ba mai rabo. Aka kashe.

Washegari war haka muna gona. Maigida ya ɗora wayar a kan kututture ya ƙure ƙararta, har muka kai ƙarshen kunya muka juyo, ba ta yi motsi ba.